Ciwo A Hanta, Haki A Ƙirji

Masu iya magana sun ce abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. Da wuya a sami inda wannan magana ta zauna daram kamar tsakanin hanta da huhu, maƙwabta biyu waɗanda tantani guda ne kurum ya raba su a cikin jikin ɗan Adam. Sau da yawa hanta ce ke ciwo, huhu ke kuka, jama'a kuwa sai su bi kukan da magani, su bar ciwon yana ta ci a ɓoye. A kan wannan al'amari filin zai tsaya a wannan mako, domin kuskuren da ake yi a cikinsa yakan cinye dukiya, wani lokaci har ya cinye rai.

A misalta wani magidanci ɗan shekara 45, tela a kasuwa, wanda bai taɓa busa taba ba, bai kuma gaji fuka ba. Sannu a hankali sai ya lura numfashinsa yana gajercewa. Da fari sai ya hau tudu yake haki, daga baya har tafiya daga shago zuwa bakin titi ta zama aiki. Ya je kemis aka ba shi maganin fuka, bai ga canji ba. Aka gwada majinarsa ba a sami tibi ba, aka ɗauki hoton ƙirji aka ce huhu garau yake. A gida kuwa aka fara ƙananan maganganu: wasu suka ce lalaci ne, tun da kullum a kwance ake samunsa, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu.

Ranar da aka dace da likita mai lura, tambaya ɗaya ya yi masa: “Malam, yaushe hakin nan ya fi takura maka, in kana zaune ko in kana kwance?”

Shi kuwa ya ce, “Ai likita, da na miƙe a tabarma sai in ji kamar an sauke mini kaya. Tashi zaune shi ne wahala.”

Daga jin haka likita ya bar ƙirji ya koma ciki. Ya duba farin ido, ya latsa ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya juya hannun mutumin ya ga kan yatsunsa sun yi gwaɓi kamar kan makaɗin ganga. Sa'an nan ya rubuta a yi masa gwajin hanta. Abin da ya fahimtar da likita shi ne, mai ciwon zuciya da mai fuka in suka kwanta numfashi toshe musu yake yi, sai sun tashi sun jingina suke samun sa'ida. Wanda nasa ya zo a juye, watau kwanciya ce ke kawo masa sauƙi, lalle ne a tuhumi hantarsa.

Yadda hanta ke ƙeƙashewa

Kafin a gane dalilin wannan, wajibi ne a san hanyar da jini ke bi. Hanta ita ce mafi girma a kayan ciki, nauyinta a jikin baligi kimanin kilo 1.5 ne. A kowane minti wajen lita 1.5 na jini ke ratsa ta, kuma kimanin kashi 75 cikin 100 na wannan jini daga hanji da saifa yake tasowa ta wata babbar jijiya, ɗauke da sakamakon abin da mutum ya ci da abin da ya sha. Hanta ke tace shi, ta ɗebe mai amfani, ta kashe dafi, ta kama ƙwayoyin cuta da suka sulalo daga hanji. Daga hanta jinin yakan zarce ɓangaren dama na zuciya, daga nan kuwa babu wani zango sai huhu. Saboda haka duk abin da hanta ta kasa tarewa, huhu ne farkon wanda zai sha shi.

Idan cuta ta daɗe tana cin hanta shekara da shekaru, naman hantar yakan mutu kaɗan-kaɗan, tabo ya maye gurbinsa, har ta ƙanƙance ta yi tauri da gurje-gurje. Wannan shi ne ƙeƙashewar hanta. Duk wanda ya ga yadda ruwan sama ke yi in kwalbati ya toshe da damina ya san abin da ke biyo baya: ruwa ya taru a baya, ya cika ya batse, ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Haka jini ke yi. Saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa, jijiyoyin maƙoshi su cika har su fashe mutum ya yi aman jini, wani sashe na jinin kuma ya kewaye hanta ya isa huhu ba tare da an tace shi ba. Ta hanyoyi uku wannan hali ke taɓa huhu, kuma kowace da alamarta da maganinta.

Hanya ta farko: jijiyoyi su saki

A cikin huhu akwai ƙananan jijiyoyin jini da ke kewaye da jakunkunan iska. Faɗin kowace bai wuce kashi 8 zuwa 15 cikin 1,000 na milimita ba, don haka ƙwayoyin jini a jere suke bi ta ciki, ɗaya bayan ɗaya, kamar tumaki masu fita ta ƙaramar ƙofa, kowace ta gogi bango ta karɓi rabonta na iskar oksijin. A jikin wasu masu ciwon hanta, sinadaran da ke sa jijiya ta saki sukan yi yawa a huhu, sai waɗannan jijiyoyi su buɗe, faɗinsu ya ninka sau da yawa. Da ƙofa ta yi faɗi sai tumaki su fita a dunƙule, na gefe su sami rabo, na tsakiya su wuce haka nan. Mutum yana shaƙar iska sosai, huhunsa yana cika, amma jinin da ke komawa jiki bai ƙoshi ba.

Jijiyoyin da suka buɗe sun fi yawa a gindin huhu. In mutum ya tashi tsaye ko ya zauna, nauyi yakan rinjayar da jini zuwa gindin, inda ɓarnar take, sai haki ya ƙaru. In ya kwanta jinin ya bazu ko'ina, sai ya sami sauƙi. Sirrin kwanciyar tela ke nan, babu lalaci a ciki.

Likitoci sun daɗe da ganin wannan. Cikin 1884 wani likita a Turai mai suna Fluckiger ya bayyana wata mata mai ƙeƙasasshiyar hanta, wadda jikinta ya yi shuɗi, yatsunta suka yi gwaɓi, alhali ba a sami ciwon zuciya ko na huhu a tare da ita ba. Amma sai cikin 1977 wasu likitoci biyu a Amurka, Kennedy da Knudson, suka raɗa wa ciwon sunan da ya haɗa hanta da huhu. Binciken da aka yi a asibitoci dabam-dabam a kan masu jiran dashen hanta ya same shi a jikin kashi 5 zuwa 32 cikin 100 nasu. Wani abin lura kuma shi ne, tsananinsa ba ya bin tsananin ciwon hantar sau da ƙafa. Mai yiwuwa ne hakin ya riga shawara da kumburin ciki bayyana.

Gane shi ba ya bukatar yanka. Akwai 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin, wadda jama'a suka saba gani tun annobar korona ta 2020. A auna mutum yana kwance, a sake aunawa yana tsaye. Mai ciwon hanta da lissafinsa ya gaza 96, ko kuwa ya faɗi da ya miƙe, yana bukatar ƙarin bincike. Sai dai a kula, wani bincike na Jami'ar Michigan cikin 2020 ya nuna na'urar takan nuna lissafi sama da na gaskiya a jikin baƙar fata fiye da yadda take yi wa farar fata, don haka in mutum yana haki kada a sallame shi don kawai na'ura ta ce lafiya. Haka nan shuɗin jiki ba ya fita sosai a baƙar fata, sai an duba harshe da cikin leɓe da ƙarƙashin farce.

Gwajin da ke yanke hukunci kuwa da ruwan gishiri ake yinsa. Akan kaɗa shi a cikin sirinji har ya yi ƙananan kumfa, a tura ta jijiyar hannu, ana kallon zuciya a na'urar hoto. A jikin mai lafiya kumfan ba ya iya ratsa jijiyoyin huhu, a can yake maƙalewa ya narke. In kuwa jijiyoyin sun buɗe, bayan bugun zuciya 3 zuwa 6 sai ga kumfa ya ɓullo a ɓangaren hagu na zuciya.

Oksijin na tukunya yana rage wahala, amma maganin da aka tabbatar yana kawar da ciwon shi ne dashen hanta, aikin da Thomas Starzl ya fara gwadawa a birnin Denver cikin 1963, ya kuma ci nasararsa cikin 1967. A da likitoci sukan ƙi yi wa mai irin wannan haki dashe don tsoron ba zai tashi ba. Daga baya aka ga cewa da an sa sabuwar hanta, jijiyoyin huhu sukan koma daidai, galibi cikin wata 6 zuwa 12. Wani rahoto na asibitin Mayo a Amurka cikin 2005 ya nuna kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe suna raye bayan shekara 5, a waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 23 ne kacal.

Hanya ta biyu: jijiyoyi su tsuke

Abin mamaki, ciwon hanta guda yana iya haifar da kishiyar abin da aka bayyana. A jikin wasu, bangon jijiyoyin huhu kauri yake yi, hanyar jini ta ƙuntata, sai ɓangaren dama na zuciya ya riƙa tura jini da kyar kamar mai tura amalanke a hawan tudu. Tun yana jurewa har ya kumbura ya gaji. Likitoci biyu, Mantz da Craige, suka fara bayyana wannan cikin 1951, kuma yakan sami kimanin mutum 5 cikin 100 na masu jiran dashen hanta.

Alamunsa haki ne wajen aiki, da kasala, da kumburin ƙafa, da ciwon ƙirji, in ya yi nisa har da suma in mutum ya yi yunƙuri. Na'urar hoton zuciya ke fara nuna shi, amma tabbatarwa sai an zura siririyar roba ta jijiya har cikin zuciya an auna ƙarfin turin jinin. A nan akwai wata cuta da ta cancanci ambato, watau tsargiya irin ta hanji, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da na fadamun noman rani. Ƙwayayenta sukan toshe hanyoyin jini a hanta, daga bisani su kai ga huhu. An san wannan sarai a Masar da Barazil da yankin Jazira na Sudan, kuma manoman rani da masunta na ƙasar nan ba su fi ƙarfinta ba.

Wannan nau'i yana da magunguna masu buɗe jijiyar huhu, cikinsu har da sildenafil, wanda aka fi sani da sunan Viagra, da kuma macitentan, wanda aka buga sakamakon gwajinsa a kan irin waɗannan majinyata cikin 2019. Amma fa likitan da ya auna shi ne mai bayarwa. Maganin da ke buɗe jijiyar da ta tsuke ba shi da wani amfani ga wanda jijiyarsa ta riga ta saki, ga shi kuwa dukansu biyu da haki suke zuwa. Dashe ma a nan sai da lissafi, domin in turin jinin ya yi tsanani ƙwarai zuciya ba za ta ɗauki aikin ba, sai an fara saukar da shi da magani.

Hanya ta uku: ruwa ya hau ƙirji

Ta uku ta fi sauƙin ganewa. Tantanin da ya raba ciki da ƙirji yakan sami 'yan ƙananan huji, musamman a gefen dama. Duk sa'ad da mutum ya ja numfashi ƙirjinsa yakan zuƙo, sai ruwan da ya taru a ciki ya bi hujin ya hau, ya kwanta a kewayen huhu ya danne shi. Wannan yakan sami kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ƙeƙasasshiyar hanta, kuma a wajen kashi 85 cikin 100 nasu a dama ruwan yake. Ciki yana iya ɗaukar lita 5 ko fiye mutum yana yawonsa, amma lita 1 ko 2 a ƙirji sun isa su hana shi barci. Wani ma duk ruwan ƙirji yake tafiya, a duba cikinsa a ga babu kumburi, sai a ɗauka hanta ba ta da hannu.

A nan ne haɗari mafi girma yake ga majinyatan ƙasar nan. Tibi ya yi yawa, kuma shi ma yana tara ruwa a ƙirji, saboda haka da an ga ruwa a hoto sai zato ya tafi gare shi. To, amma uku daga cikin manyan magungunan tibi, watau isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, duka suna iya yi wa hanta lahani. A ɗora mai ƙeƙasasshiyar hanta a kansu wata 6 bisa zato kawai, an ƙara wa Barno dawaki. A wani gefen kuma mai ciwon hanta yana iya kamuwa da tibi na gaske, tun da garkuwar jikinsa ta yi rauni. Mafita ita ce a zuƙo kaɗan daga ruwan da allura a kai ɗakin gwaji, a kuma auna lafiyar hanta kafin a fara magani.

Ana rage ruwan ƙirji da ƙaurace wa gishiri, kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali guda a yini, kuma a cikin lissafin har da dunƙulen ɗanɗano da kanwa da kifin gwangwani. Akwai magungunan sa fitsari, spironolactone da furosemide, waɗanda likita ke daidaitawa yana duba ƙoda. In numfashi ya ƙuntata akan zuƙe ruwan da allura. Abin da masana ke gargaɗi a kansa shi ne sa robar da za ta zauna a ƙirji tana tsiyaya kwana da kwanaki, domin ruwan ba ya ƙarewa, yana fita da sinadaran gina jiki da gishirin jini, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Sakiya a gida kuwa ganganci ne tsantsa. In zazzaɓi ya shigo, ko mutum ya fara ruɗewa, alama ce ruwan ya kamu da cuta, kuma ba a kwana da shi a gida.

Tushen al'amarin

Mai karatu zai lura cewa duk hanyoyin uku a wuri guda suka ƙare, watau dashen hanta, aikin da akasarin 'yan ƙasar nan da suka same shi sai da suka fita Indiya ko wata ƙasa, da kuɗin da tela ba zai tara ba ko da zai kwana a kan keke har tsufansa. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce, me ke ƙeƙasar da hantar tun farko?

A wannan yanki na duniya babban mai laifi shi ne ciwon hanta rukunin B, wanda Baruch Blumberg ya gano alamar ƙwayarsa cikin 1965. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, miliyan 50 kuma da rukunin C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara. A Nijeriya, babban binciken gida-gida da Gwamnatin Tarayya ta gudanar cikin 2018 ya sami rukunin B a jinin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, rukunin C kuwa kashi 1.1. Watau a cikin kowace motar haya mai ɗaukar mutum 12 ana iya samun guda, kuma yawancinsu ba su sani ba. Bayan waɗannan sai barasa, da kitsen hanta mai tafiya tare da ƙiba da ciwon sukari.

Ƙwayar B ba ta bin iska ko kwanon abinci. Jini take bi, da haihuwa, da saduwa. Askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga da ita, da ƙahon da ba a tsabtace ba, da allurar da aka maimaita, da reza guda a gidan aski, duk hanyoyinta ne. Jaririn da ya kamu, a cikin 10 kimanin 9 za su zauna da ita har girma, alhali baligin da ya kamu galibi jikinsa yakan kore ta. Don haka ne ake so a yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, a bi da sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Nijeriya ta shigar da wannan allura cikin rigakafin yara tun 2004, amma jaririn da aka haifa a gida, aka ce ba za a fita da shi ba sai bayan suna, ya riga ya rasa wannan awa 24 ɗin. Wannan aiki ne na ungozoma da kakanni da maigida, kafin ya zama na gwamnati.

Wanda ya riga ya kamu ma bai rasa mafita ba. Ƙwayoyin tenofovir ko entecavir, guda a yini, suna danne rukunin B su hana hanta ƙeƙashewa ga wanda likita ya ga yana bukata. Rukunin C kuwa warkewa ake yi cikin mako 12, fiye da mutum 95 cikin 100. Masar, wadda ta taɓa zama kan gaba a duniya wajen yawan masu rukunin C, ta gwada fiye da mutum miliyan 50 a gangamin da ta soma cikin 2018, ta yi wa waɗanda aka samu magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar yabo mafi daraja cikin Oktoba 2023. Abin da ya yiwu a bakin kogin Nilu ba zai gagara a bakin Kwara da Binuwai ba, in an sa himma.

Wanda kuma hantarsa ta riga ta yi rauni, wajibi ne ya yi sallama da barasa, ya bar jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ya guji magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke iya jawo masa zubar jini su kuma kashe ƙoda, ya nisanci maganin barci da likita bai rubuta ba.

A koma ga tela. Da a ce tun ranar da ya fara haki wani ya tambaye shi ko ya taɓa yin shawara, ko akwai mai ciwon hanta a ɗakinsu, da kuɗin da ya kashe a kan maganin fuka sun ishe shi gwajin jini, da kuma an gwada matarsa da 'ya'yansa an yi wa waɗanda ba su kamu ba rigakafi. Saboda haka ga malaman asibiti, duk mai hakin da ba a gane kansa ba a duba hantarsa, duk mai ciwon hanta kuma a auna numfashinsa, kwance da tsaye. Ga iyali kuwa, in maigida ya ce kwanciya ta fi masa sauƙi, kada a kira shi malalaci. A riƙe wannan magana a kai wa likita yadda ya faɗe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.